Ɗana mai wasan takwando ya shiga damuwa, shin in mayar da shi ƙwallon ƙafa?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani magidanci ɗan kasuwa mazaunin cikin birnin Kano. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Ina da 'ya'ya maza biyu masu yin wasanni. Babban shekararsa 17, yana buga ƙwallon ƙafa a wani kulob na unguwa, kuma ko sun ci ko an ci su da dariyarsa yake shigowa gida, zaurenmu kuwa ba ya rabuwa da abokansa. Ƙaramin shekararsa 14, shi takwando ya zaɓa, wato wasan faɗa da bugun ƙafa da hannu, ya kusa shekara uku yana yi, kocinsa ma yana yabon hazaƙarsa. Sai dai tun da ya fara shiga gasa na ga ya canja. Idan gasa ta matso ba ya samun barci, kuma yana rage cin abinci wai don kada nauyinsa ya wuce na rukuninsa. Watan jiya aka fitar da shi a karon farko na wata gasa, ya shige ɗaki kwana biyu ba ya kula kowa, da ya buɗe baki kuma sai ya ce wa mahaifiyarsa shi ba shi da wani amfani. A hanyarmu ta dawowa daga gasar na yi masa faɗa, na tuna masa kuɗin da na kashe a kan kayan wasan, na ce ya dubi yayansa, na kuma ce masa faɗuwar gaba asarar namiji. Wani abokina ya ce ya ji masana sun ce wasan mutum ɗaya yana jawo wa yara ciwon damuwa, ƙwallo kuwa magani ce. Shin in cire shi in haɗa shi da yayansa? Da na taɓa masa maganar sai ya fashe da kuka, ya ce shi ba ya son ƙwallo."

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya maka su, ya yi musu albarka. Shawarata ita ce kada ka cire shi, domin abin da yake cin yaron nan ba takwandon ba ne, yadda yake ɗaukar faɗuwa ne shi kaɗai a kansa, kuma wannan abu ne da za a iya gyarawa yana nan a cikin wasan da yake so.

Maganar abokinka tana da tushe, saboda haka ba zan yi watsi da ita ba. A shekarar 2019 wasu likitoci a asibitin yara na birnin Boston da ke Amurka sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan matasa 'yan wasa 756 masu shekara 6 zuwa 18, inda suka tarar cewa 13 cikin 100 na masu wasan mutum ɗaya suna fama da fargaba ko ciwon damuwa, alhali a cikin masu wasan ƙungiya 7 ne kacal cikin 100. A shekarar 2022 kuma aka fitar da wani wanda ya fi shi girma, a kan yara fiye da 11,000 masu shekara 9 zuwa 13, shi ma a Amurka, ya nuna cewa yaran da ke wasan ƙungiya sun fi waɗanda ba sa wani wasa kwanciyar hankali, yayin da waɗanda suka tsaya a kan wasan mutum ɗaya kawai suka fi nuna alamun damuwa da janyewa daga mutane. To amma akwai abubuwa biyu da labarin yakan zubar a hanya kafin ya iso majalisa. Na farko, idan 13 cikin 100 suna da matsala, ma'anarsa 87 lafiyarsu ƙalau. Na biyu, irin wannan bincike yana duba yara ne a lokaci guda, don haka ba ya iya raba tsakanin yaron da wasa ya jefa cikin damuwa da yaron da tun asali mai kunya ne, mai yawan tunani, wanda hayaniyar fili ba ta yi masa ba, shi ya sa ya nemi wasan da zai yi da kansa. Idan ɗanka yana cikin kashi na biyu, kuma kukan da ya yi da ka ambaci ƙwallo yana nuna haka, to canja masa wasa ba zai canja masa hali ba.

Binciken da ya fi kusa da matsalarka shi ne wanda wasu masana halayyar ɗan Adam suka yi a Jamus a 2016, a kan matasan 'yan wasa kusan 200. Su ma sun ga cewa alamun ciwon damuwa sun fi yawa a wajen masu wasan mutum ɗaya, amma ba su tsaya nan ba, sai suka bi diddigin dalili, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne irin fassarar da yaro yake yi wa faɗuwarsa. Wani idan ya faɗi sai ya ce yau ƙafarsa ta hagu ce ta yi jinkiri, ko bai karanci abokin karawarsa da wuri ba. Wani kuwa sai ya ce shi dama ba zai taɓa iyawa ba, a nan da ko'ina, yau da kullum. Na farko ya gano aikin da zai yi gobe a wajen atisaye, na biyu kuwa ya yanke wa kansa hukunci. Kalmar da ɗanka ya faɗa wa mahaifiyarsa, cewa ba shi da amfani, ita ce ainihin fassara ta biyu, kuma a kanta ya kamata hankalinka ya tsaya.

Ka dubi yadda ranar faɗuwa take kasancewa ga kowane ɗaya daga cikin 'ya'yanka. Idan an ci su babban, su goma sha ɗaya ne a fili, ga na benci, kuma kafin su fito daga filin sun riga sun raba laifin: wani ya ce mai tsaron gida ne ya fito ba a kan lokaci ba, wani ya ce alƙalin wasa ne ya hana su fenareti, wani ya ce koci ne ya makara wajen canji. Suna tafe suna gardama, su cika A Daidaita Sahu suna gardama, su zauna a zaurenka suna ci gaba, har wani ya saki abin dariya. Mai kallo zai ce surutun banza ne, amma da wannan surutun ne baƙin cikin yake fita daga ƙirji, kuma kowa yana komawa gida da kaso kaɗan wanda zai iya ɗauka. Bugu da ƙari, mako mai zuwa akwai wani wasan da za a huce a kansa. Ƙaramin kuwa sunansa ake kira shi kaɗai, ya hau tabarmar wasa shi kaɗai, maki yana hawa a allo kowa yana gani, kuma duk karawar ba ta kai minti goma ba. Tsarin gasar na sili ɗaya ƙwale ne, wanda aka doke ya tattara kayansa, ta yiwu kuma sai bayan watanni wata gasar za ta zo. Wahalar wata shida ta ƙare a 'yan mintoci, babu mai tsaron gida da za a ɗora wa, babu abokin da zai ce shi ma ya yi kuskure. Mutum na farko da ya yi masa magana bayan an sauko shi ne zai taya shi fassara abin da ya faru, kuma a wannan rana kai ne mutumin.

Ka yi haƙuri, Alhaji, zan faɗi wannan ɓangaren ba tare da kwana-kwana ba, tunda kai da kanka ka kawo shi, kuma kawo shin da ka yi alama ce ta cewa ya tsaya maka a rai. Abubuwa uku ka faɗa masa a mota, kuma kowannensu ya tabbatar masa da mummunar fassarar da yake yi wa kansa. Maganar kuɗi ta mayar da wasan bashi, yaron da yake ganin bashi ne a kansa kuwa da tsoron mai bin sa yake shiga fili, ba da tunanin yadda zai kai hari ba. Kwatanta shi da yayansa ya nuna masa cewa har a gida ma gasa ake yi, kuma a nan ma shi ne na baya. Karin maganar da ka kawo kuma ta sa ya ɗauka cewa bugun zuciyar da yake ji aibi ne a cikin mazantakarsa, alhali aikin jiki ne da Allah ya halitta: idan mutum ya fuskanci abin da yake da muhimmanci a wurinsa, jiki yana sakin sinadaran da suke sa zuciya ta ƙara sauri, baki ya bushe, ciki ya juya, domin a shirya tsoka ga aiki. Manyan 'yan wasa ma suna jin haka, kuma madaidaicinsa yana ƙara kaifin hankali. Yana zama illa ne idan yaro ya fara tsoron tsoron kansa, yana ɓoye shi don kada a ce masa rago.

Ban ce ka tara iyali ka ba shi haƙuri a gaban kowa ba, na san yadda hakan yake da nauyi ga uba, shi ma yaron kunya za ta hana shi amfana. Ka ɗauke shi shi kaɗai zuwa kasuwa wata Asabar, ko ku taka tare daga masallaci bayan Isha'i, ka ce masa maganar da ka yi ranar nan ɓacin rai ne, kuɗin kayan wasa kyauta ce ba bashi ba, kuma matsayinsa a wurinka bai taɓa rataya a kan lambar yabo ba. Jimla uku sun isa. Kada ka jira ya ba ka amsa, domin yaro mai irin halinsa shiru zai yi, amma zai riƙe maganar shekara da shekaru.

Ita kuma ƙwallon da ake cewa magani ce, tana da nata ciwon. Taron da yake raba wa yaro nauyin faɗuwa shi ne kuma yake iya tattara nauyin gaba ɗaya ya jibga wa mutum guda. Mutanen Kano ba za su manta da abin da ya sami Sani Kaita ba a gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, lokacin da aka ba shi jan kati Najeriya tana gaban Girka da ci ɗaya, aka tashi an ci mu biyu da ɗaya, har ta kai ana aika masa saƙonnin barazana ga rayuwarsa. Abin da ya faru da shi a idon duniya yana faruwa a ƙaramin sikeli kowane mako a filayen unguwa, ga yaron da ya zubar da fenareti ko mai tsaron gidan da ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Akwai kuma zaman benci, wanda yake cin zuciyar yaro a hankali ba tare da kowa ya lura ba. Sannan taro wurin ɓuya ne: tun fiye da shekara ɗari da suka wuce wani injiniya Bafaranshe mai suna Ringelmann ya auna ƙarfin masu jan igiya, ya ga cewa duk sa'ad da aka ƙara yawan masu ja, sai ƙarfin da kowane mutum yake sakawa ya ragu. Wannan ya sa nake ba ka shawara, a gefe guda, ka ɗan saurari babban shi ma. Dariyarsa bayan an ci su tana iya zama lafiyar zuciya, tana kuma iya zama ta wanda ya saba cewa laifin na wasu ne, kuma za ka gane bambancin idan ka tambaye shi abin da shi kansa ya yi ba daidai ba a wasan.

Yanzu ka auna abin da zai faru idan ka kai ƙaramin kulob ɗin yayansa. Zai shiga yana ɗan shekara 14 a cikin yaran da suke buga ƙwallo tun suna yawo ba takalmi, wasu ma sun riga sun buga gasar kofin Ramat ta matasa ko suna mafarkin rigar Kano Pillars. Zai zama ƙanen wane, wanda bai iya ba, benci ne wurinsa, kuma kwatancen da ka yi sau ɗaya a mota zai koma abin da ake yi masa kullum da yamma a bainar jama'a. A lokaci guda ka ƙwace masa abu ɗaya da ya zaɓa da kansa kuma ya iya. Masana sun daɗe da lura cewa yaro yana ɗorewa a kan abu cikin walwala ne idan ya ji cewa zaɓinsa ne, ya ji yana iyawa, ya kuma ji yana da mutane a cikinsa. Ɗanka yana da biyun farko a takwando, na ukun ne ya yi masa ƙaranci. Idan ka cire shi ka rushe biyun da yake da su, kuma babu tabbacin zai sami na ukun.

Halin nan nasa da yake ba ka tsoro yana da fuska mai kyau wadda bai kamata a kashe ba. Yaron da ya yi shekara uku yana maimaita bugu ɗaya har ya gyaru, wanda yake ɗaukar alhakin sakamakonsa ba ya neman wanda zai laƙa wa, yana da abin da iyaye da yawa suke nema a 'ya'yansu ba su samu ba, kuma shi ne abin da wasan mutum ɗaya ya fi koyarwa. Irin wannan yaro ne ake barin wa shago a yi tafiya hankali kwance. Matsalar ita ce son a yi abu daidai yana tafiya da ɗan'uwansa, wato tsoron kuskure, kuma aikinka shi ne ka raba su, ka bar masa na farko ka rage masa na biyu.

Hanyar yin haka tana nan a gabanmu a gidan dambe. Duk wanda ya taɓa leƙa dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari da yamma ya san cewa ɗan dambe shi kaɗai yake shiga fili, shi kaɗai yake shan naushi, amma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Yana da ɓangarensa, ko Kudu ko Arewa ko Guramaɗa, yana da wanda yake ɗaura masa zare a hannu, da makaɗinsa, da manyan da suke zuga shi suna kuma gyara masa tsayuwa tsakanin turmi da turmi. Idan aka buge shi, mutanensa ne suke ɗaga shi, kisan kuma, wato kayen da aka yi masa, a kan ɓangaren ake lissafa shi, gobe wani nasu ya fito ya rama. Kakanninmu sun gane cewa wanda zai tsaya shi kaɗai a gaban jama'a yana buƙatar jama'arsa a bayansa fiye da kowa. Ɗanka yana da filin, ɓangaren ne ba shi da shi, kuma kai ne za ka gina masa.

Ka fara da yaran da suke atisaye tare. Ka san sunayensu da iyayensu, ka ce ya gayyato biyu ko uku gida su ci abinci, domin zauren nan da abokan yayansa suka cika shi ma yana da haƙƙi a cikinsa. Idan za a tafi gasa, ya fi kyau ya tafi tare da su ya dawo tare da su, ko da kana wurin, saboda yaron da aka doke a karon farko da wanda aka doke a na biyu suna da abin da za su faɗa wa juna wanda babba ba zai iya faɗa ba. Yayansa kuma ka sauya masa matsayi daga ma'auni zuwa mataimaki: ya riƙa riƙe masa abin da ake buga wa ƙafa idan yana atisaye a gida, ya raka shi gasa, ya zama shi ne mai ɗaukar masa jaka da ruwa. Zan yi mamaki idan bai fara alfahari da ƙanensa ba da zarar ya ji ƙarfin bugun a hannunsa. Kuma idan ƙaramin ya ga dama ya shiga ƙwallon yamma ta layi don nishaɗi, inda babu koci babu kofi, ka bar shi, wannan yana da amfani ƙwarai ga mai shekarunsa, muddin ƙari ne ba canji ba.

Sai kuma koci, wanda ya kamata ka je ka same shi da kanka, ba ta waya ba. Ka tambaye shi abin da yake ce wa yaro bayan an doke shi, da kuma burin da yake ɗora masa kafin gasa. Kocin da ya san aikinsa ba ya ce wa ɗan shekara 14 sai ka ciyo zinare, domin zinare ba a hannun yaron yake ba, ya danganta da wanda ƙuri'a ta haɗa shi da shi da kuma alƙalai. Abin da yake ce masa shi ne a wannan gasa ina so ka riƙe tazararka, ka fara kai hari a turmin farko, kada ka sauke hannu. Waɗannan a hannunsa suke, yana iya cika su ko da an doke shi, ya sauko da abin da zai ce ya samu. Kai ma ka ɗauki wannan salo a gida. Ranar gasa ba ranar bita ba ce, a ba shi abinci ya yi wanka ya kwanta. Washegari ko jibi sai ka tambaye shi abin da ya yi daidai, da abu ɗaya da zai gyara, ka kuma bari shi ya kawo amsar. Hadisin nan da Muslim ya ruwaito ya tsara abin yadda ya kamata: mutum ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gaza, idan kuma wani abu ya same shi kada ya zauna yana cewa da na yi kaza da kaza ya faru, ya ce Allah ne ya ƙaddara. A ciki akwai ƙoƙari kafin aiki, akwai kuma rufe ƙofar cin zuciya bayansa. Sai dai a kula kada a mayar da "ƙaddara ce" murfin da ake toshe bakin yaro da shi tun bai faɗi abin da ke ransa ba.

Zai amfane shi ya san cewa waɗanda suka kai ƙololuwa a wasan mutum ɗaya irin nasa ta wannan hanya suka bi. Chika Chukwumerije, wanda ya ciyo wa Najeriya tagulla a takwando a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, a karawarsa ta farko aka fitar da shi a gasar Atens ta 2004, kuma mahaifinsa bai janye masa tallafi ba a tsakanin shekarun nan huɗu. Tobi Amusan ta zo ta huɗu a gasar duniya ta Doha a 2019, ta sake zuwa ta huɗu a Olamfik ta Tokyo, matsayin da ya fi kowane ciwo tunda taku ɗaya ne tsakaninsa da lambar yabo, sannan a 2022 ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge da daƙiƙa 12.12.

Maganar rage cin abinci kuwa ba ta jiran komai, a wannan makon za ka tsayar da ita. Ana raba 'yan takwando rukuni-rukuni bisa nauyi, shi ya sa wasu suke matse kansu don su faɗa rukunin ƙasa, amma yaro ɗan shekara 14 girma yake yi, kuma nauyinsa dole ya ƙaru. Ya yi wasa a rukunin da jikinsa ya kai shi. Hana kai ruwa, ko naɗe jiki da leda a yi gudu don a yi gumi, ko shan maganin da ke sa fitsari ko gudawa, duk haɗari ne ga ƙoda da zuciya, balle a garin da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40. Yunwa da ƙishirwa kansu suna ƙara fargaba da saurin fushi, suna hana barci, suna kuma rage ƙarfin bugu, don haka ta yiwu wani kaso na abin da ka gani a ranar gasar daga nan ya fito. Idan kocin ne yake sa su yin haka kuma ya ƙi bari, to koci za ka canja, ba wasa ba. Ka duba jadawalinsa kuma: boko da safe, Islamiyya da yamma, atisaye, aikin gida, sannan waya a hannu har dare. Mai shekarunsa yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, da kwana ɗaya ko biyu a mako da ba ya atisaye ko kaɗan. Ka kuma ja masa kunne, shi da yayansa duka, a kan duk wata ƙwaya da wani zai miƙo musu da sunan tana kashe tsoro ko gajiya. Tramadol ce aka fi yaudarar yara da ita, kuma ban da jarabar da take sawa, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun farkon 2024.

Baƙin cikin kwana biyu bayan faɗuwa ba ciwo ba ne. Amma idan ƙunci ya wuce mako biyu kusan kullum, ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba so, barcinsa ko cin abincinsa ya rikice ko babu gasa a gaba, karatunsa ya ja baya, ko ya ci gaba da maimaita cewa ba shi da amfani, to a kai shi ga likita, kuma akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Idan ya taɓa cewa gara ya mutu, ko ya huta da duniya, a ranar za a kai shi, ba a bar shi shi kaɗai ba. Mahaifiyarsa, tunda ita ya buɗe wa baki, ta tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa ko irin wannan tunani yana zuwar masa. Tambayar ba ta shuka tunanin, sauƙi take kawowa ga wanda yake ɗauke da shi a ɓoye. Addu'a da ganin likita ba sa karo da juna, a haɗa su.

Game da gasa ta gaba, ka bar masa zaɓi na gaskiya: ya shiga, ko ya tsallake wannan ya ci gaba da atisaye har ya ji ya shirya, kuma ka nuna masa cewa duk wanda ya ɗauka ba zai rage masa komai a wurinka ba. Idan ya ce zai shiga, ka tambaye shi ko yana so ka zo kallo, domin wasu yaran ganin uba a cikin 'yan kallo ƙarfi yake ba su, wasu kuwa nauyi yake ƙara musu, kuma shi kaɗai ya san wanne ne nasa. Idan ya ce ka zauna a gida a wannan karon, kada ka ɗauke shi raini, ka ba yayansa kuɗin mota su tafi tare.